Mushe, Wa Ya Ce Maka Fuskarka Muke Nema?

Mushe, bawana, ɗan gwaggona, ina gajiya? Ya Maraɗi, ya zafi, ya kuma wannan tsohon babur naka da ba ya tashi sai yara sun tura shi? Saƙonka ya same ni ranar Lahadi a tsakiyar kasuwar Jibiya, ina tsugune gaban mai wake muna ja-in-ja a kan tiya. Na kara waya a kunne ina tsammanin gaisuwa ce, ashe huɗuba ce. Minti 14 cur kana zuba, ba waƙafi ba aya, kana rantse-rantse wai zamanin murya ya wuce, yanzu duniya sai da hoto, wanda duk bai nuna fuskarsa ba bai yi magana ba. Har na gama ciniki, na biya, aka ɗaure mini buhu, na hau acaɓa, kana nan kana bayani. Abin da ya sa na ƙyalƙyale da dariya har ɗan acaɓa ya waiwayo shi ne, duk wannan yaƙin da kake yi da murya, da saƙon murya ka aiko shi. Kuma na ji ka tsaf ina cinikina, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Da bidiyo ka aiko, ko dai mai wake ya cuce ni a awo, ko in jefa ka aljihu sai bayan lisha.

Masu karatu, kada wani ya ce na zagi bawan Allah. A ƙasarsu malamin lakwal "mushe" ake ce masa, wai girmamawa ce da aka aro daga Faransanci. Mu nan kun san abin da muke kira mushe, kun kuma san tsuntsun da ke sauka a kansa. Shekara da shekaru yana amsa sunan da fara'a, ni mene ne nawa a ciki? Bautar ma ba ni na ɗora masa ba. Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, haka muka tarar. Yana ta ƙorafi, amma ban taɓa ganin ya mayar da kuɗin shara ba.

Ga asalin rigimar. Da babbar salla muka zauna a zauren Baba, muka ce tun da kai kana can ni ina nan, kuma duk abin da ya sami iyakar nan a jikinmu yake ƙarewa, mu buɗe shirin hira da mutanen hanya: direbobi, 'yan kasuwa, masu canjin sefa, masu shayi, tsofaffin fatake. Irin shirin nan da ake kira podkas, wanda mutum ke saukewa a wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama. Kalmar ma ba ta daɗe ba, a 2004 wani ɗan jarida ya fara rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila, daga sunan 'yar na'urar jin waƙa ta iPod. Abin kunne ne tun ran gini. Muka yi addu'a muka tashi a kan haka. Ban ankara ba sai ga ka da kyamara, da sanda mai ƙafa uku, da wata fitila zagayayya kamar gammo, da sabuwar shadda har kala biyu. Tun daga shaddar nan na gane inda aka dosa. Ba labarin iyaka kake son a ji ba, Mushe, so kake a ga hularka.

Ban ga laifinka ba, gadon gida ne. Tun da kakanninku suka bar Katsina a 1807 ba shiri, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, kuke neman wanda zai dube ku. Yau fiye da shekara 200 sarkinku yana amsa Sarkin Katsina, Katsinar kuwa tana nan inda kuka bar ta, muna share muku ita. Kada ka tashi, zauna. Na san za ka kawo mini zancen Ɗan Baskore da irin hare-haren da ya riƙa kawowa, na kuma san sau nawa ya hana mutanenmu barci. Na ji, na yarda, an yi maza a gidanku. Su dai ba su tsaya gyara hula a gaban fitila ba.

Bari in tambaye ka, wa zai saurare mu? Ka tsaya a Magama da hantsi ka duba. Direban da ya ɗauko fasinja daga Katsina zai miƙa Ɗan Isa, idonsa na kan rami da shinge. Mai shayi hannunsa ɗaya na kan buta, ɗaya na fasa ƙwai. Mai faci na cikin taya. Manomin rani a bakin dam yana jan ruwa a kwami. Matan gida kuwa, tsakanin surfe da wanki da goyo, wacce ce za ta zauna ta ƙura wa gemunka ido na minti 40? Duk waɗannan idonsu da hannunsu a ɗaure suke, kunne kaɗai ke sake. Mu mutanen rediyo ne, kai ma ka sani. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa ta zo a makare a 2007, kamar yadda ka saba zuwa ɗaurin aure. Ka tuna rediyon Baba mai rigar fata, wadda yake ratayawa a reshen bedi in ya shiga gona? Ya rasu bai san kamannin ko ɗaya daga cikin masu karanta masa labarai ba, amma in ɗayansu ya yi mura sai ya ce, "Yaron nan ba shi da lafiya yau," kamar ɗan cikinsa.

Kuma kunnuwan nan suna da gurbi yanzu. A wajenku an dakatar da RFI a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Muryar Amurka kuwa mutanenta ne da kansu suka yi mata shiru a Maris ɗin 2025. Ban ce komai ba fa, lissafi kawai nake yi, kada ka ce na jawo maka jandarma. Abin da nake nufi, mutumin da ya saba ya ji ana yi masa magana da asuba da magariba yana nan, kunnensa na nan, kuma yanzu rediyon tasa a cikin waya take. Jaridar Aminiya ta gane haka, shi ya sa take da Najeriya a Yau da Daga Laraba, kuma ban taɓa jin wani ya ƙi saurare don bai ga takalmin mai gabatarwa ba.

Sai batun kuɗi, wanda na san nan ne cikinka ke ɗurar ruwa, don ban taɓa ganin mutumin da ke ƙirga dala-dala kamar kai ba. Hira ta awa guda, in murya ce zalla kuma an matse ta daidai, ba ta wuce megabayit 30 ba. Bidiyon awa guda kuwa, ko wanda bai cika kyau ba, ɗaruruwa yake ci, in ka ce sai mai haske tar to ka nufi gigabayit. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Yaron shagon da ya sayi datar kwana ɗaya, kana ganin a kanka zai ƙarar da ita? Ga batir. Murya, ka kashe fuskar waya ka jefa aljihu, tana yi. Bidiyo kuwa sai fuska na kunne, waya na zafi kamar an ciro ta daga murhu, kafin la'asar sai wurin mai caji. Kai da kuran ɗinku, wato wutar lantarki, ma daga wajenmu take zuwa, ka manta duhun da kuka kwana a ciki da aka yanke ta a Agustan 2023? Na san amsarka, za ka ce mu da muke ba ku ita, mu ma a duhun muke kwana. Wannan kam ka kama ni, ba ni da ta cewa.

Amma ka tuna 2021, don ni ban manta ba. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki, har sana'ar cajin waya aka hana. Sai wajen Disamba aka fara sakin layi. Kai ka kawo mini layin wayar Nijar a cikin ledar kilishi, Allah ya saka, ko da yake kilishin ka ci rabi a hanya. Nakan fita bayan gari wajen iyaka, in hau wani ɗan tudu, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ina farautar abin da kuke kira rezo. Sanda ɗaya takan leƙo ta ɓace. A wannan sandar guda saƙon muryata na cewa Inna ta ji sauƙi ya tafi, ya same ka. Kai kuma, da yake ba ka da tausayi, ka aiko mini da bidiyon sunan 'yarka. Na tsaya a tudun nan har rana ta faɗi, 'yar da'irar nan tana ta juyawa a kan fuskarka, ka buɗe baki rabi, ido ɗaya a rufe. Haka na san ka har tsawon wata uku. In gaya maka gaskiya, ya fi kama da kai a kan hoton fasfo ɗinka.

Iyakar ma ai haka take. An rufe ta a Agustan 2019, Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama murna ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a wajenku, aka sake garƙame ta har Maris ɗin 2024. A duk tsawon wannan, shinkafa ta tsaya, taliya ta tsaya, manyan motoci suka yi layi har kaya suka lalace, amma surutunka bai taɓa kwana a shinge ba. Kafin waya ma haka Gwaggo take yi. Ta ɗauki kaset, ta kori yara daga ɗaki, ta cika fuska biyu da gaisuwa da ƙorafi da kuka, ta ba direba ya kawo wa Baba. Mu zauna a tabarma a sa mana, mu ji har tarinta da carar zakaranku. Podkas ɗin gidanmu ke nan, Mushe, kuma uwarka ce ta ƙirƙiro shi tun Bature bai raɗa masa suna ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru ranar gwaji, kuma kana wurin, kada ka yi musu. Tsohon direban nan da muka samu a rumfar mai shayi, wanda ya shekara fiye da 30 yana bin hanyar Maraɗi. Kafin ka gama kwance kayanka na ce masa, "Baba, zan ɗauki muryarka," ya ce in ɗauka mana, murya ai ba ta da lamba. Na ajiye waya a kan benci kusa da kofinsa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya tsoma burodi a shayi, ya fara. Ya faɗi yadda ake gane shingen da za a tsaya da wanda za a rage gudu kawai. Ya faɗi yadda 'yan fito ke bi ta cikin gonaki da buhu biyu a bayan babur, da abin da suke samu, da waɗanda suka karye a hanya. Ya faɗi daren da ya kwana a cikin mota da gawar fasinja saboda an rufe hanya, muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru, sai ƙarar cokali a kofi. Ni kaina sai da na kau da kai.

Sai ga Mushe ya gama kafa ƙafa uku. Ka kunna gammon nan naka a fuskar dattijo, ka ce, "Bon, Baba, a maimaita daga farko." Ya mayar da hula, ya gyara wuyan riga, ya goge baki, ya dubi kyamara kamar mai ɗaukar hoton katin zaɓe, ya ce alhamdu lillahi, hanya lafiya lau, ba su da wata matsala, suna godiya ga hukuma, Allah ya ƙara wa shugabanni lafiya. Ka yi juyin duniya, bai ƙara ko harafi ba. Da muka tashi ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, gobe ma ta gabansu zan wuce."

To ka ji. A gari irin namu, mai labarin gaske shi ne wanda ba ya son a gane shi. Matar da aka kora daga ƙauyensu ta yamma da mu, ta wajen hanyar Gurbin Ɓaure, tana zaune a kangon wani da 'ya'ya biyar, za ta gaya maka abin da ta gani, amma waɗanda suka kore ta su ma suna da waya, suna kallon TikTok. Matar aure da ke sana'ar ƙuli-ƙuli a cikin gida tana aika shi har Maraɗi, mijinta zai bari a ji muryarta, amma ka ce za ka shiga da fitila ka ga yadda za a raka ka da taɓarya. Kyamara na zuwa, sai ka samu masu son a gan su: ɗan siyasa, mai maganin basir, da irinka. Ko muryar ma sai an yi hattara, don a Jibiya ana gane mutum da tarinsa. Sai an cire suna, an cire sunan unguwa, wani lokaci a sauya amon, kuma sai mai ita ya ji ya ce ya yarda.

Yanzu gyara zama, zan ba ka naka, don kada ka je ka gaya wa Gwaggo na zalunce ka. Ka ce wa zai san muna yi? Nan ka fi ni gaskiya. Ban san mutum ko ɗaya a layinmu da ke buɗe Spotify ko Apple Podcasts ba. Facebook ne, da TikTok, da YouTube, da WhatsApp, kuma ukun farko hoto suke turawa gaba. Murya zalla a can kamar mai talla ne da ya rufe farantinsa. YouTube da kansa ya sanar a farkon 2025 cewa fiye da mutum biliyan 1 ke kallon podkas a dandalinsa kowane wata. Hirarrakin da Hadiza Gabon ke yi da 'yan fim, ai rabin daɗinsu a ido yake: wa ya sunkuyar da kai, wa ya share hawaye, wa ya yi murmushin da ya ƙaryata bakinsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, ban musa ba. Kuɗin talla ma a YouTube ɗin suke, in ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Na ga ka riga ka fara lissafin yadda za ka kashe su. Ka dai fara samun mutum 1,000 da za su jure.

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi, kuma ban ji daɗin da kai ka riga ni faɗa ba. Murya marar fuska ita ce dokin ji-ta-ji-ta. Sau nawa aka turo mana saƙo a WhatsApp, wani yana haki yana cewa ga su nan sun shigo, a rufe shaguna, mata su kwashi yara, daga baya a gane tsohon saƙo ne na wani gari? Ba wanda ya san mai maganar, ba wanda zai kama. Yanzu ma har na'ura na kwaikwayon muryar mutum. Fuskar ma ana haɗa ta ƙarya, amma dai wanda ya zauna ya nuna kansa ya sa wuyansa a igiya. Sannan akwai abin da baki ba ya iya kaiwa. Titin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi kuma zai ratsa ta Jibiya, in na ce an kai wuri kaza wani zai ce ƙarya nake, in na ce ba a kai ba wani zai ce adawa ce. Wannan sai a nuna. Gani ya kori ji, na faɗa da bakina, rubuta ka ajiye, don ba za ka sake jin na ba ka gaskiya ba sai wata shekarar.

Sai dai ko a bidiyon, kunne ne sarki. Mutum zai jure hoto mai hazo, amma ba zai jure sautin da iskar hunturu ke kaɗawa ba, ko wanda janareton maƙwabci ya cinye. Kai kuwa ka zuba jikkunanka a fitila da shadda, abin ɗaukar magana ka sayo na bakin tasha, wanda ke sa ka yi kamar kana magana daga cikin rijiya. Ga wahalar gyara. A murya, in ka yi "bon" sau 60 da "wala" sau 40 kamar yadda ka saba, zan yanke su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai sani, har a ɗauka kai mai fasaha ne. A bidiyo duk inda na yanke sai kanka ya yi tsalle, a ga kamar mai hawan bori. Kuma ba ni da almakashin da zai cire yadda kake sosa kunne da murfin biro in baƙo yana magana.

Ga abin da na yanke, a matsayina na ubangidanka. Hirar gaske, mai tsawo, da murya za mu yi ta, waya a kan benci, ba fitila. Mu tura ta WhatsApp, mu ba masu tura waƙa a memori su zuba wa direbobi, wanda ya samu ya ba na kusa da shi ta Xender ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Mu ɗora ta a YouTube da hoto guda tsayayye, na ƙofar Magama ko na kasuwa. Sannan kai, tun da Allah ya jarrabce ka da son a gan ka, na ba ka minti biyu a kowane mako. Ka sa shaddarka, ka tsaya inda ake aikin titin jirgi ko gaban masu awo, ka nuna abin da ido ya kamata ya gani, ka ce wa mutane ga inda za su ji sauran. Kai ne farantin talla, mu ne tuwon. In an yi tsaki an wuce, fuskarka aka yi wa. In an tsaya, to an zo wurinmu.

Lahadi mai zuwa ka taho da wuri, kafin rana ta yi zafi, tsohon direban ya ce zai sake zama da mu in ba a zo da "wannan mai fitilar" ba. Na ce masa mai fitilar bawana ne, zan sa shi ya riƙe mana kofi. Ka zo da kilishi cikakke wannan karon, na san yawansa. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata kaset-kaset ɗin nan nata guda shida suna nan a akwatin Baba, na sa an juye su a waya, kuma a na uku akwai inda take ba da labarin ranar da ka yi fitsarin kwance a gidan biki a Tibiri. Da shi nake tunanin buɗe shirin farko, sai dai in ka zo mun daidaita a kan kuɗin sharar bana.